Kuɗin Wuta: A Hannun Dattijo Ko Ta Waya?

Ni mutumin Damari ne ta ƙaramar hukumar Sabuwa. Noma nake yi, da rani kuma in taɓa saye da sayar da hatsi. Saboda halin da yankinmu yake ciki da kuma karatun yara, na kama wa iyalina haya a Funtua, ni kuma ina nan wajen gona, sai jefi-jefi nake leƙa su. Gidan sassa huɗu ne, ba mu da mita, takardar bil ɗaya ake kawo wa gidan gaba ɗaya. Tun da muka shiga, wani dattijo da mai gidan ya wakilta shi ke tattara kuɗin wuta a hannun kowa ya je ya biya. Ni nakan ba direban motar kasuwa kasona ya kai wa uwargida, ita kuma ta miƙa masa. Ban taɓa tsallake wata ba.

Kwanan nan aka yanke wutar gidan, aka ce akwai bashin watanni a kanmu. Dattijon ya rantse ya biya, amma ya ce rasit ɗin sun ɓace. Babban ɗana ya ce in daina ba kowa kuɗi a hannu, in riƙa biya ta waya daga nan Damari. Ni kuwa tsoro nake ji. Sabis a nan yau akwai gobe babu, na ga waɗanda aka cire wa kuɗi a asusu abin da suka saya bai zo ba, ga 'yan damfara, ga shi bokona bai yi nisa ba. Sannan ina jin nauyin dattijon nan, sa'an mahaifina ne, kada ya ga kamar na mai da shi ɓarawo. Wani lokaci ma nakan ce wutar da ba kullum take zuwa ba, don me zan wahalar da kaina a kanta? A ba ni shawara, Malam.

Manomi, daga Damari

Allah ya kawo mana zaman lafiya a Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da sauran yankin, ya sa ka girbe abin da ka shuka cikin aminci.

Ɗanka yana da gaskiya. Kamfanin da ke raba wuta a jihohin Katsina da Kano da Jigawa, wato KEDCO, wanda ya gaji aikin NEPA da PHCN tun da aka miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, bai san fuskarka ba, bai san ta dattijon ba. Abin da ya sani shi ne lambar asusun da ke rubuce a saman takardar bil. Kuɗin da ya shiga wannan lambar an biya shi, wanda bai shiga ba kuwa bashi ne a littafinsu, ko da a gaban shaidu goma ka miƙa shi. Yanzu dubi hanyar da kuɗinka yake bi: daga kai zuwa direba, daga direba zuwa uwargida, daga ita zuwa dattijo, kuma duk tsawon wannan tafiya babu inda ya bar sawu. Mai yiwuwa dattijon ya biya aka yi kuskuren lamba wajen turawa, mai yiwuwa wani ɗan hayar ne bai cika kasonsa ba aka riƙa kai abin da ya samu, mai yiwuwa kuma an ci kuɗin. Duk ukun suna iya faruwa, kuma ba ka da abin da za ka rarrabe su da shi. Kai da kake harkar hatsi, ba za ka loda buhunan masara zuwa kasuwar Dandume ba tare da an ƙirga an rubuta ba, komai amincin direba. Shawarata ke nan a dunƙule: kowace hanya ka zaɓa, kuɗin ya tafi kai tsaye cikin lambar asusun gidan, kuma ya bar maka shaida a hannu.

Hanyoyin da suke cika wannan sharaɗi uku ne. Akwai ofishin karɓar kuɗi na kamfanin ko banki, inda za a buga maka rasit na inji mai ɗauke da lambar asusu da kwanan wata. Wannan ya dace da uwargida tunda tana Funtua. Akwai mai POS, wanda zai karɓi tsabar kuɗinka ya biya ta na'urarsa ya yago maka takarda, ka ba shi ɗan ladansa. Sai kuma wayarka, ko dai ta manhajar bankinka ko irin su OPay da PalmPay da Moniepoint da Quickteller, ko ta gajerun lambobin banki irin su *894# na First Bank da *919# na UBA da *737# na GTBank, waɗanda ke aiki a ƙaramar waya ba tare da data ba. Tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina: ka zaɓi biyan wuta, ka zaɓi KEDCO, ka nuna ko mai bil ne kai ko mai mitar kati, ka sa lamba. Kafin kuɗi ya fita, yawanci sunan mai asusun zai bayyana a fuskar wayar. A nan za ka tsaya ka natsu. In sunan bai yi daidai da na kan takardar bil ba, kada ka danna komai, domin kuɗin da ya faɗa lambar wani gida dawo da shi aiki ne mai cin rai. Ƙarancin boko ba zai hana ka wannan ba. Ɗanka ya zauna da kai ya nuna maka sau ɗaya ko biyu, ya adana lambar a wayar, ko kuma ka tsaya a kan mai POS ɗaya da ka sani, ka sa ya karanta maka sunan da ya fito kafin ya tura.

Maganar sabis da ka kawo ba ƙaramar magana ba ce, kuma mutumin Sabuwa ya fi kowa cancantar ya kawo ta. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da Dandume da Funtua, aka kwashe watanni mutane ba sa iya ko kira, balle tura kuɗi. Wanda ya ga wannan da idonsa yana da hujjar ƙin dogara da waya ɗungurungum. Sai dai a tuna cewa tsabar kuɗin ma ta taɓa juya wa mutane baya. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, mutum yana da kuɗi a banki amma ba ya iya riƙe ko dubu ɗaya a hannunsa, sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. Kowace hanya tana da ranar da take toshewa, shi ya sa nake so ka riƙe biyu: waya ranar da akwai sabis, rasit na ofis ko na mai POS ta hannun uwargida ranar da babu. Kuɗin wuta ba na gaggawar minti ɗaya ba ne, kana da kwanaki bayan an kawo bil, kuma a cikinsu da wuya ka rasa sa'a ɗaya da sabis zai zauna.

Game da kuɗin da ake cirewa abu bai zo ba, wannan yana faruwa, amma dubi bambancinsa da abin da ya same ka. Wanda aka cire wa kuɗi ta waya yana da alat, yana da lambar shaidar ciniki, yana da rana da lokaci. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya sa wa bankuna wa'adin sa'o'i 72 su warware cinikin POS ko na intanet da ya maƙale, kuma in banki ya yi mako biyu bai saurari ƙorafi ba, ana iya kai shi gaban sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin. Ba kullum ake cika wa'adin ba, kuma bin sawun akwai gajiya, amma akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Kai yanzu wace ƙofa za ka je, da wace takarda? Su kuwa 'yan damfara, kusan duk ta hanya ɗaya suke shiga, wato su sa ka faɗi lambar sirrinka da bakinka. Babu ma'aikacin banki ko na wuta da aikinsa ya buƙaci lambar sirrin katinka ko lambobin da ake turo maka ta saƙo, kuma kuɗin wuta ba a tura shi asusun bankin wani mutum. Ko mai POS ne, kai za ka danna lambar da hannunka.

Dole in faɗa maka inda shawarar ɗanka ta gaza. Muddin bil ɗaya ne na sassa huɗu, ko ka biya kasonka a kan lokaci, wani ya ƙi biya, gidan duka za a yanke. Rasit zai wanke sunanka, amma ba zai kunna wa yaranka fitila ba. Maganin wannan shi ne mitar kati, wadda mutane ke kira iya kuɗinka iya shagalinka. Da ita, in ka sayi wuta za a turo maka lambobi 20, uwargida ta danna su a jikin mitar, yunit ya shiga. Loda lambobin ba ya buƙatar sabis, kuma ba sa aiki sai a mitar da aka saya wa, saboda haka ko a takarda ka rubuta ka ba direba, in ta faɗi a hanya ba ta amfani wanda ya tsinta. Akwai tsarin da ake kira MAP, inda mutum ke biyan kuɗin mitar da kansa a riƙa mayar masa a hankali ta hanyar yunit. Ku nemi yardar mai gidan, ku je ofis ku cike takarda, kuɗin mitar kuma ta banki za a biya, kada a ba wani a bakin titi don ya ce zai gaggauta.

Ka ce wutar ba kullum take zuwa ba, don me za ka damu. Na fahimci zafin, amma ƙin biya ba ya goge bashin, tara shi yake yi, kuma ranar da aka sa mita akan mayar da tsohon bashi kanta a riƙa zarewa duk lokacin da aka sayi wuta. Wanda yake biya da shaida shi ne mai bakin yin ƙorafi. Hukumar NERC mai sa ido kan harkar wuta ta kasa masu amfani da ita rukuni biyar gwargwadon sa'o'in da aka yi musu alkawari a rana: A sa'o'i 20, B 16, C 12, D 8, E 4, kowane da farashinsa. Tun Fabrairun 2020 ta sa iyaka ga kuɗin ƙiyasi da za a rubuta wa marasa mita, kuma a farkon 2024 ta ci kamfanonin rarraba wuta 11 tarar sama da naira biliyan 10 saboda ƙetare wannan iyaka, ta kuma umarce su su mayar wa mutane abin da aka ƙara musu. A cikin asusun wutar ake mayar da irin wannan kuɗi, wanda bai taɓa duba asusun gidansa ba ba zai ma san an yi ba.

Saura dattijo. Jin nauyin da kake yi tarbiyya ce, kada ka yar da ita. Amma neman shaida a kan kuɗi ba zargi ba ne a addininmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma muminai ta yi wa magana. Tsarin da ake bi yanzu shi kansa dattijon ya cuta, tunda ga shi yana rantsuwa ba shi da abin nunawa. Ka sa ɗanka ya ɗauki takardar bil ya je ofishin kamfanin a Funtua ya nemi a buga masa tarihin asusun, wanda zai nuna kowane biya da ranarsa. In akwai kuɗin da aka biya bai shiga ba, a rubuta ƙorafi a karɓi kwafi mai hatimi. Ƙa'ida ta ba kamfani kwanakin aiki 15, bayan haka sai ofishin sauraron koke na NERC da ake kira Forum. In kuwa takardar ta nuna giɓin daga cikin gida yake, ku zauna ku huɗu da mai gidan da dattijon, ba a gaban yara ba, a raba bashin yadda ya dace, a nemi kamfani ya yarda a biya kaɗan-kaɗan. Daga nan kowa ya riƙa tura kasonsa cikin lambar asusun da kansa, ya kawo wa dattijon rasit ya ajiye, shi ne zai riƙa duba wanda ya biya da wanda ya saura har Allah ya sa kowane sashe ya sami mitarsa.