Yadda ake maganin baƙin tabon fuska da man shafawa

Mace ta haihu, ta gama wankan jego, ta ɗauki madubi ta ga kumatunta biyu sun yi duhu. A Sabon Birni ko Isa, abin da za ta fara ji daga maƙwabta shi ne, "Mi as sami huskakki?" Sai shawara ta biyo baya: a aika kasuwa a sayo haɗin man shafawa. Likitoci na kiran wannan tabo melasma. Fata ce ke yawaita launinta a wuri guda saboda rana, juna biyu, ko magungunan tazarar haihuwa. Yana da magani, amma maganin yana da awo da wa'adi, kuma ba ya ci sai an haɗa masa da inuwa.

Mataki na farko, a tabbatar shi ne. Wannan tabo yakan fito a kumatu biyu daidai wa daida, da goshi, da karan hanci, da saman leɓe. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya ɓarewa. Idan yana ƙaiƙayi ko yana fitar da gari, ta yiwu kyasbi ne ko makero, kuma maganinsu daban. A je Babban Asibitin Sabon Birni ko na Isa a duba. Idan abin ya daɗe, a nemi takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wajen likitan fata.

Na biyu, a faɗa wa likita gaskiya. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa, domin magungunan tabon irin su haidurokwinon da tiretinoyin ba na mai ciki ba ne. Wanda ake ba ta shi ne azelayik asid. Sau da yawa ma tabon ciki kan dusashe da kansa watanni bayan haihuwa. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa kada ta daina da kanta, ta koma a sauya mata wata hanya.

Na uku, a rabu da haɗi. Man da ake damawa a roba ba suna, ba lambar NAFDAC, yawanci akwai sitiroyid mai ƙarfi a cikinsa, wani har da makuri mai lalata ƙoda. Cikin mako biyu fuska ta yi fari, bayan watanni fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su feso. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Wadda ta daɗe tana shafa haɗin ta kai robar asibiti, don tsayar da sitiroyid farat ɗaya kan sa fuska ta yi ja ta ɗau zafi, sai an janye shi sannu a hankali.

Na huɗu, a karɓi wanda aka rubuta. Likita kan ba da haidurokwinon mai kashi 2 zuwa 4 cikin 100, ko man da ya haɗa uku: haidurokwinon, tiretinoyin da sitiroyid mai sauƙi. Likitan fata Albert Kligman na Amurka da abokin aikinsa ne suka fito da wannan haɗi a 1975. Bambancinsa da na kasuwa shi ne an auna komai, an kuma yanke masa rana.

Na biyar, a gwada. A ɗiga kaɗan a cikin damtse, a bar shi kwana ɗaya. Idan wurin ya kumbura ko ya yi ƙaiƙayi mai tsanani, a dakata.

Na shida, shafawa, kuma da dare ake yi. Bayan sallar isha a wanke fuska da sabulu marar kaifi, a bari ta bushe sarai. A matso kamar ƙwayar wake a kan yatsa, a shafa siriri a kan tabon kaɗai, ban da gefen ido, leɓe da bakin hanci. A wanke hannu. Mai goyo ta kula kada kumatunta su goga fuskar jariri. Idan fata ta bushe, musamman da hunturu, a ɗora ɗan man kaɗanya. A rufe maganin a ajiye shi gindin randa inda sanyi yake. Idan launinsa ya koma ruwan ƙasa, ya lalace.

Na bakwai, da rana, kuma nan ne aikin yake. A ƙasar Gobir zafin bazara kan haura digiri 40, kuma mai zuwa rijiya, kasuwa ko fadamar Gulbin Rima tana shan rana kai tsaye. Hijabi na rufe kai, amma kumatu da goshi a waje suke. Kowace safiya a shafa man kare rana mai lamba 30 ko sama, a ƙara bayan awa biyu idan ana waje. Wadda ba ta samu ba ta ɗora malfa mai faɗi ko ta riƙe laima. Wajen girki a ja baya daga murhu, don zafin wuta ma na tayar da tabon.

Na takwas, a ƙirga kwanaki. Ana fara ganin sauyi bayan mako huɗu zuwa takwas. Mai haɗi uku wa'adinsa kamar mako takwas ne. Haidurokwinon shi kaɗai, bayan wata uku a koma wa likita. Wanda aka zarce da shi shekara da shekaru yana haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi wanda ya fi tabon farko wuyar magani. Bayan an tsaya, likita kan ci gaba da azelayik asid, mai tabo kuma ta ci gaba da kare fuskarta, domin rana guda a fili na iya dawo da aikin wata biyu baya.

Ana daina shafawa idan wa'adin ya cika, ko ranar da tabon ya saje da sauran fuska, wato launin da uwa ta haife ki da shi ya dawo. Abin da ya wuce nan ba magani ba ne, bilicin ne.