Darasin gonar inabi, da kwalbar da ta kusa haɗa ni da Baba

 Ni mutumin Wurma ne, can ƙasar Kurfi, kuma har na shigo ajin ƙarshe na difloma ban taɓa ganin inabi a jikin uwarsa ba. A tire nake ganinsa a bakin titi, cikin 'yar roba, da tsadar da ko tayawa ba na yi. A zatona duk daga waje ake kawo shi. A hutun da ya wuce, cikin hunturu, kawuna ya ɗauke ni muka bi ta Funtuwa da Zariya zuwa ƙasar Kudan a jihar Kaduna, wadda hedikwatarta take Hunkuyi. Nan na ga gonakin inabi da idona, a ƙasa irin tamu, ƙarƙashin rana irin tamu.

A ƙasashe irin su Faransa da Italiya da Afirka ta Kudu, ziyarar gonar inabi sana'a ce mai zaman kanta. Mutum ya biya kuɗi, a zagaya da shi gona, a ƙarshe a ba shi giyar da aka yi da inabin ya ɗanɗana. Wannan na ƙarshen ba namu ba ne, addini ya raba mu da shi. Amma zagayawar da ɗanɗana ɗanyen inabi ilimi ne, kuma shi nake so mu duba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne inabi ba ya tsayuwa da kansa. Yaɗo yake yi, don haka sai an kafa masa ginshiƙai an ja waya, ya hau ya zama rumfa, nonon inabin yana reto daga sama. Ba a shuka ƙwallonsa. Reshe ake yanka a dasa, don a samu irin uwar sak. A Turai sanyi ne ke sa shi ya zubar da ganye ya huta, bazara ta tashe shi. Mu nan babu sanyin da zai kwantar da shi, sai manomi ya yi masa dabara: ya datse rassan ya tsige ganye, sabon toho ya fito da fure. Daga datsewa zuwa tsinka kamar wata huɗu ne. Ke nan da almakashi manomi ke zaɓar watan girbinsa. Haka ake yi a Nashik ta ƙasar Indiya, inda suke datsewa sau biyu a shekara.

Na tambayi dattijon da ke kula da gonar me ya sa ba a nufar damina, tunda ruwa kyauta ne. Ya yi dariya ya ce, "Samari, inabi yana son ruwa a ƙafa, ba ya son shi a ka." Gaskiyarsa. Laima a jikin ganye ita ke kawo cutar funfuna, kuma ruwan sama kan fasa 'ya'yan idan sun kusa nuna. Tsohon maganin wannan cuta ma a yankin Bordeaux na Faransa aka gano shi wajen 1885, haɗin sinadarin tagulla da farar ƙasa, kuma har yau sunan yankin yake amsawa. Ban da cuta akwai tsuntsaye, akwai gara, akwai kuɗin man injin ban ruwa. Duk wanda ya ce maka noman inabi kuɗin banza ne, bai taɓa sayen waya da ginshiƙi ba.

To yaya ake ɗanɗanawa? Ka fara sanin cewa inabi ba mangwaro ba ne, ba ayaba ba ce. Idan aka tsinke shi da tsami, da tsaminsa zai ruɓe, ba ya ƙara nuna a cikin kwando. Saboda haka launi kaɗai ba hujja ba ne. Ka ɗauki ƙwaya daga saman nonon, da tsakiya, da ƙasa, domin ba sa nuna tare. Kar ka haɗiye da sauri kamar mai gudun kamu. Ka fasa ta da harshe ka ji zaƙi da tsami wanne ya rinjayi wani, sannan ka tauna ɓawon shi kaɗai ka ji ko akwai bauri. Idan mai ƙwallo ne, duba ƙwallon: kore yana nufin da saura, ruwan ƙasa yana nufin ya kai. Farin nan mai kama da ƙura a jikin ɓawo ba datti ba ne, kakin da itacen ke yi ne da kansa, amma duk da haka a wanke saboda feshi. Kuma sandar nonon in tana kore shar, ba a daɗe da tsinkowa ba.

Masu karatun kimiyyar ɗakin gwaji sun san rifraktomita. Ɗigo ɗaya na ruwan inabi ya isa ta nuna maka sukarinsa a ma'aunin Brix. Inabin ci ana son ya kai wajen 16 ko ya haura. Dattijon nan ba shi da na'urar, amma na tabbata harshensa ba zai yi nisa da ita ba.

Yanzu ga inda na yi kuskure. An ba mu tsarabar waɗanda suka fashe, na matse su na cika kwalba, na ce zan kai wa Inna. Muka iso gida, na ajiye a ɗaki na manta. Kwana huɗu, ƙanena ya buɗe, sai ji muka yi fus! Kumfa ta taso, wani wari ya cika ɗakin. Baba ya leƙo, ya sunsuna, ya dube ni ya ce, "Abin da aka tura ka koyowa ke nan?" Wallahi sai da kawu ya sa baki.

Ban zuba komai a ciki ba, kuma darasin ke nan. Akwai ƙwayoyin yis a jikin ɓawon da cikin iska. Da sun samu ruwa mai sukari da ɗumi sai su cinye sukarin, su fitar da barasa da iskar da ke yin kumfar. Louis Pasteur ne ya tabbatar da cewa aikin halittu masu rai ne, a ƙarni na 19. Malamanmu kuma tuntuni suka yi bayanin jiƙon zabibi da dabino: ana sha kafin ya fara tsami da kumfa, in ya juya a zubar. Wannan bai tsaya kan inabi ba. Masu sayar da zoɓo da kunun aya a hostel, ku ma abin ya shafe ku.

Maganinsa sanyi ko wuta. Ko dai a sa a firji a shanye da wuri, ko a ɗora a wuta ya kai kamar digiri 80 ba tare da ya tafasa ba, a zuba da zafinsa cikin kwalbar da aka dafa, a toshe. Da irin wannan hanya wani Ba'amurke, Thomas Welch, ya fara adana ruwan inabi marar barasa a 1869.

Tambayar da na dawo da ita, wadda nake so ta zama aikin bincikena, ita ce ko zai yi a wajenmu. Rana muna da ita, ga madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsin-Ma, ga masu noman rani da suka san ban ruwa. Amma inabi ba tumatir ba ne da za ka kwashe cikin wata uku. Jari ne na shekaru a fili ɗaya, yana son a leƙa shi kullum, kuma kowa ya san yadda matsalar tsaro ta hana mutanenmu zuwa gonakin nesa da gari. Shi ya sa na fara daga bayan gida. Na dasa rassa goma a cikin leda, huɗu suka yi toho, akuya ta cinye ɗaya. Ukun da suka rage Baba ne ke ba su ruwa kafin in koma, bisa sharaɗin ba zai sake ganin kwalba a ɗakina ba.