Darasin Wannan Wata: Rance da 'Yan Damfara

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manomin da ke noman rani da ruwan madatsar Bakolori ya san haka. An gama ginin madatsar a 1978. Da ruwanta mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun suke shuka shinkafa da albasa da tumatir da dankali bayan ɗaukewar ruwan sama. Amma noman rani yana cin kuɗi kafin ya ba da kuɗi. Akwai taki, akwai iri, akwai maganin feshi, akwai man injin ban-ruwa, ga kuma ladan 'yan ƙwadago. Shi ya sa da damina ta wuce mutane da yawa kan shiga neman rance. 'Yan damfara ma sun san wannan lokaci. Shi ne kakarsu.

Kuɗin fom

Ga yadda abin yakan fara. Ranar Talata, kasuwa ta cika a Talata Mafara. Sai ga wani mutum fes da shi, da jaka a hannu da kati rataye a wuya. Ya ce shi wakili ne daga Abuja ko Gusau. Ya ce gwamnati za ta ba manoma rancen naira 500,000, babu ruwa, babu jingina. Abin da kawai ake bukata shi ne naira 5,000 kuɗin fom, da hoto biyu. Sannan ya ƙara da cewa gobe za a rufe, kuma guraben kaɗan suka rage.

Wani lokaci ba ya zuwa da kansa. Yakan sami wani ɗan gari wanda aka sani, ya ba shi ɗan abin goro, ya ce ya tattaro masa sunaye. Shi ɗan garin ma sau da yawa bai san damfara ba ce. Yana ganin taimakon 'yan'uwansa yake yi.

A yi lissafi. Naira 5,000 ba ta da yawa a idon mai jiran 500,000. Amma idan mutum 200 suka biya, an tara naira miliyan 1. Bayan mako biyu sai a bugo waya, a ce an amince da sunan mutum, saura naira 10,000 ta buɗe asusu. Bayan wannan kuma akwai kuɗin haraji. Wanda ya riga ya biya na farko ba ya son ya yi asararsa, sai ya biya na biyu. Haka za a yi ta tatsarsa har ranar da lambar wakilin za ta daina shiga.

Abin lura a nan ɗaya ne. Mai ba da rance shi ne mai kuɗi. Mai neman rance shi ne marar kuɗi. To, idan mai kuɗin ya ce sai marar kuɗi ya fara ba shi, magana ta juye. Bankin gaskiya ma yana da 'yan kuɗaɗen da yake caja, amma yana rubuta su a takardar rance, a cikin banki, kuma ba a miƙa su ga wani mutum a bakin kasuwa ko a tura su asusun da ke ɗauke da sunan mutum ɗaya. Kuɗin ƙungiyar manoma kuwa daban ne. Shugabanninta sanannu ne, ana ba da rasit, ana kuma karanta lissafi a gaban taro.

Lambobin da ba a bayarwa

Akwai ɗan damfarar da ba ya neman ko kwabo. Lambobi yake nema. Wannan ya fi na farko haɗari.

Duk mai asusu a banki yana da lambar BVN, mai alƙaluma 11. An fara ba da ita a 2014. Ita ce ke haɗa duk asusun mutum wuri ɗaya, ko da a bankuna daban-daban suke. Akwai lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN. Akwai dogayen lambobin da ke jikin katin cire kuɗi. Akwai lambar sirri mai alƙaluma 4 da ake dannawa wajen mai POS. Akwai kuma wata lamba da banki kan aiko ta saƙon waya idan za a fitar da kuɗi.

Sai waya ta yi ƙara. Mai kira ya yi sallama da ladabi, ya faɗi cikakken sunan mutum, har da garinsu. Ya ce rance ya fito, a karanto masa lambar da ta shigo yanzu domin a saka kuɗin. Sanin suna ba shaidar gaskiya ba ce, don ana samun sunaye daga fom ɗin da mutane suka cika a baya. Kuma saka wa mutum kuɗi ba ya bukatar komai sai lambar asusu da sunan banki. Lambar sirri da lambar saƙo mabuɗan fitar da kuɗi ne. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayarsu, ko a waya ko ido da ido.

Mai zuwa wajen POS ya danna lambarsa da hannunsa. Kada ya faɗa da baki, kada ya rubuta ta a bayan kati. Wanda wayarsa ta ɓace ya hanzarta a rufe layin da asusun, don da layin kaɗai ɓarawo yana iya kwashe kuɗi.

Rance ba kyauta ba ne

A watan Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. Babban Bankin Nijeriya ne ya ba da kuɗin. Manoma, musamman na shinkafa, sun karɓi iri da taki da kayan aiki, da sharaɗin su biya bayan girbi. A 2020 kuma aka ba da rancen korona ta hannun bankin NIRSAL. Waɗannan shirye-shirye na gaskiya ne. Amma 'yan tsakiya sun shiga cikinsu. Sun riƙa karɓar BVN na mutane, su cika musu fom, idan kuɗi ya fito su yanki rabonsu. Sun kuma riƙa gaya wa mutane cewa rabon gwamnati ne, ba za a biya ba.

Ƙarya ce. A watan Agusta 2020 wata doka ta Babban Banki mai suna GSI ta fara aiki. Ma'anarta ita ce, idan mutum ya ci rance bai biya ba, banki yana iya bin BVN ɗinsa ya ciri kuɗin daga kowane asusu nasa, ko a wani banki ne. Mutane da dama sun wayi gari an cire musu kuɗi saboda rancen korona da suka ɗauka kyauta ne.

A ce an ciwo naira 300,000 da sunan manomi. Ɗan tsakiya ya riƙe 200,000, ya miƙa masa 100,000. Manomi ya yi godiya har da addu'a. To, a littafin banki 300,000 ake binsa, ba 100,000 ba. Sunan ɗan tsakiya ba ya cikin littafin. Ranar da manomin ya sayar da shinkafarsa aka turo masa kuɗi, a ranar zai ji labari.

Don haka tambaya ta farko ga duk mai kawo maganar kuɗi ita ce: tallafi ne ko rance? Kalmomi biyu ne daban. Tallafi ba a biya. Rance ana biya.

Takarda kafin yatsa

A nan ne amfanin ajin yaƙi da jahilci yake fitowa. Wanda ya iya karatu ba ya dangwala yatsa a kan abin da bai gani ba. Idan takardar da Turanci take, a ce za a tafi da ita gida. A kai wa malamin aji, ko malamin gona, ko ɗa mai karatu. Mai gaskiya ba ya jin haushin kwana ɗaya. Wanda ya ce lallai sai yanzu-yanzu, akwai abin da ba ya so a gani.

Takardar ta nuna nawa aka karɓa a hannu, nawa za a mayar gaba ɗaya, da ranar biya. Ta nuna abin da zai faru idan an makara. Kada a sa hannu a takardar da aka bar gurbin kuɗi babu rubutu. Kuma mai cin bashi ya riƙe tasa takardar.

Wannan bai tsaya ga banki ba. Har bashin cikin gari, wanda ake ci da damina a biya da buhu a kaka, yana son rubutu da shaidu. A rubuta buhu nawa, na wane amfani, kuma wane irin buhu. Jinginar gona ta fi komai bukatar haka. An sha ganin wanda ya ɗauka jingina ya yi, ashe takardar sayarwa ya dangwala wa yatsa. A yi irin wannan magana gaban mai unguwa ko dagaci. Ba rashin yarda ba ne. Addini ma ya yi umarni a rubuta bashi a kafa shaidu.

Rancen cikin waya

Wannan ya fi shafar samari masu manyan wayoyi. Akwai kamfanonin da ke ba da rance cikin minti kaɗan, ba tare da an ga kowa ba. Wasu suna da rajista. Wasu ba su da ita. Marasa kirkinsu kan rubuta 10,000, su turo 7,000, su ce a mayar da 10,000 bayan mako ɗaya. Tun wajen shiga sun kwashe lambobin da ke cikin wayar. Idan aka makara, sai su aika wa iyaye da surukai saƙo cewa wane ɓarawo ne. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas, ta kuma wajabta musu yin rajista.

Idan an riga an faɗa

Kunya ce babbar garkuwar ɗan damfara. Wanda aka cuta yakan yi shiru don kada a ce masa wawa, shi kuwa macucin ya wuce ƙauye na gaba. Ba wawaye kaɗai ake damfara ba. Ana damfarar 'yan boko da alhazai.

A daina tura kuɗi nan take, ko me aka yi alkawari. A je banki a ranar, a sa a rufe katin. Kada a goge saƙonni, kada a yar da rasit. A sanar da 'yan sanda da hakimi, a kuma faɗa wa maƙwabta. Idan ƙorafin a kan banki ne, a fara kai shi bankin a rubuce. In ba a share hawaye ba, Babban Banki yana da sashen kare masu hulɗa da bankuna, kuma yana da reshe a Gusau. Hukumar EFCC ma tana karɓar ƙarar damfara. A kula da mai bugowa daga baya ya ce zai ƙwato kuɗin da aka cinye idan an ba shi na mota. Sau da yawa su ne dai suka dawo da sabuwar lamba.

Aikin aji

Wani ya zo Maradun ya karɓi naira 3,000 kuɗin fom daga mutum 40. Ya wuce Bakura ya karɓa daga mutum 60. Nawa ya tara? Kowane ɗalibi ya rubuta amsa a littafinsa. Sannan ya rubuta tambayoyi uku da zai yi wa mutumin kafin ya sa hannu a aljihu.