Yadda Ake Gano Abin Da Ya Maƙale Wa Furotin A Taswirar Ilektron

A shekarar 2002, masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka suka haska eksire kan kiristal ɗin wani inzayim na ƙwayar halittar Methanosarcina barkeri. A bakin wani layisin sai ga ƙarin gajimaren ilektron mai siffar zobe, wanda babu shi a lissafinsu. Ta haka aka gano firolayisin, amino asid na 22. Duk mai nazarin kiristal ɗin furotin yakan ci karo da irin wannan tabo.

Da farko akan tace samfurin furotin ɗin da manhajar Phenix ko REFMAC, a bar wurin da ake zargi fayau. Sai a buɗe manhajar Coot, a ɗora taswira biyu: 2Fo-Fc a sigma 1, Fo-Fc a sigma 3. Kore alama ce ta atom ɗin da ba a saka ba, ja kuwa an saka abin da babu shi.

Daga nan sai awo, kuma nan ne aikin yake. Idan tsakiyar tabon na nesa da atom ɗin oksijin na serin ko tiriyonin (Thr) da kimanin angistirom 1.6, kuma siffarsa mai kusurwa huɗu ce, to fosfet ne ya ɗaure, kamar wanda ke kan Thr197 na inzayim ɗin PKA. Idan tazarar ta kai 2.8, ɗaurin ba na dindindin ba ne: ruwa ne, ko salfet ɗin da ke cikin ruwan haɗa kiristal ɗin. A duba maƙwabta ma, domin fosfet na son zama kusa da arjinin ko layisin. Sukari kuwa yakan hau asfarajin ne a jerin Asn-X-Ser ko Thr.

Sai a koma littafin ɗakin gwaji. Sistin ba ta da kunya wajen kama abin da aka zuba mata: ruwan kakodilet na liƙa mata asenik, iska na ƙara mata oksijin. Wannan ba aikin ƙwayar halitta ba ne, kuma bai dace a rubuta shi kamar nata ba. Hasken eksire kansa yana tsinka gadar salfa biyu.

Bayan haka a saka abin da ake zato da lambarsa, SEP ko TPO misali, a sake tacewa, a ga ko koren ya ɓace ba tare da ja ya fito ba. A ƙarshe a kai furotin ɗin na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari: fosfet na ƙara 80, asetil 42, metil 14, oksijin 16.