Fara da dutsen nesa

Mai koyon zanen duwatsu da fentin mai yakan yi gaggawar fitar da kowace tsaga ta dutse, alhali launi ne ke nuna nisa. Iska da ƙurar da ke tsakanin ido da dutse suna rage masa duhu, su mayar da shi shuɗi-shuɗi ko toka-toka. Dubi Dutsen Zuma daga nesa a lokacin hunturu: hazo kan kusa haɗe shi da sararin sama. Don haka ka fara da sama da dutsen nesa, da fenti tsararo wanda aka sirka da tafentin. Baƙi mai ƙarfi da fenti mai kauri ka ajiye su don itatuwa da duwatsun gaba. Ka tabbata kowane sabon shafin fenti ya fi wanda ke ƙarƙashinsa yawan mai, in ba haka ba zanen zai tsattsage idan ya bushe.

Wani zai ce hoton waya ya nuna komai dalla-dalla, sai a kwafa kawai. To, kyamara kan danne inuwa ta koma baƙi ƙirin, idon mutum kuwa yana ganin launi a cikinta. Mai zane Paul Cézanne, wanda ya rasu a 1906, ya yi ta zana dutsen Sainte-Victoire a kudancin Faransa da faci-facin launi, bai tsaya ƙirga tsaga ba.