Karenmu Ya Ɗauke Ɗanyar Kaza

Tambaya: Ina gyaran kaza a tsakar gida, na shiga ɗaki ɗauko roba. Kafin in fito karen da ke mana gadi ya sure cinya guda, ya cinye har da ƙashi. Zai yi masa illa? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Lafiyayyen kare babba yakan ci irin wannan ya kwana lafiya, don ruwan cikinsa na da ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Sai dai ɗanyar kaza kan ɗauko ƙwayoyin cutar Salmonella da Campylobacter, su ne dalilin da za ki sa masa ido har mako guda. Idan ya yi zawo sau ɗaya ya ci gaba da harkarsa, ruwa mai tsafta da abinci marar maiƙo sun ishe shi. Amma in amai ya ƙi tsayawa, ko kin ga jini a kashinsa, ko ya kwanta ya ƙi ci, ko yana yunƙurin kashi ba ya fita, a kai shi wurin likitan dabbobi ran nan. Kwikwiyo da tsohon kare ba a jira da su ko kaɗan.

Don Allah kada a ɗura masa gishiri ko manja wai ya amayar. Ƙashin da ya sauka lafiya na iya yanka maƙoshi a hanyar dawowa. Kada kuma a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, wasunsu kan lalata wa kare ƙoda da hanta. Kin ma yi sa'a ƙashin ɗanye ne, dafaffen ƙashi ya fi tsagewa ya yi tsini.

Abin da ya fi damuna yaranki ne. Kare na iya fitar da Salmonella a kashinsa alhali garau yake, ga shi a tsakar gidan nan ake rarrafe. A riƙa kwashe kashin nan take, a wanke wurin da sabulu, a hana shi lasar yara.

Duk wannan bayani a kan kazar da aka yanka da lafiyarta ne. Mushe maganarsa daban, kuma jefa wa kare mushen kaza ɗabi'a ce da nake so mu bari. Tun Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a wata gona a Jaji, nan kusa da ke, karo na farko a Afirka, kuma cutar ba ta daina dawowa ba. A Tailan, a 2004, wani kare ya mutu bayan ya ci agwagin da suka kamu da ita. Wata kazar kuma maganin ɓera ta tsattsaga, gubar na nan a cikinta. Idan kaji suka fara faɗuwa a gida, a haƙa rami mai zurfi a binne su inda kare ba zai tono ba, a sanar da ofishin kula da dabbobi mafi kusa.