Darasi Kan Tsiron Hatsi: Aiki Kaɗan-Kaɗan Da Ɗanɗanawa Kafin Sayarwa

'Yan'uwa manoma, a ƙasar Daura, daga Sandamu zuwa Baure, daga Zango zuwa Mai'adua, gero da dawa su ne abincinmu, su ne kuma kuɗinmu. Amma kowa ya san yadda abin yake. Da kaka muna sayar da hatsi da araha, da bazara mu koma kasuwa mu saye shi da tsada. Darasinmu na wannan wata yana kan wata hanya da ƙungiya za ta ƙara wa hatsinta daraja, wato yin tsiro.

ABIN DA KE CIKIN ƘWAYA

Ƙwayar hatsi cike take da sitaci. Idan ta jiƙa ta fara tsira, sai ta fitar da wani sinadari mai juya sitacin ya zama sukari, don ciyar da ɗan tsiron. Shi ya sa tsiro yake da zaƙi. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin haka. Wasu masu kunun zaki suna sa shi, masu dafa burukutu ma da shi suke farawa.

Daga nan hanya takan rabu uku. In an shanya tsiron an niƙa, an sami abinci. In an dafa shi an bar ruwan ya tsima, ya zama giya. In kuma an sāke dafa giyar an tara tururinta ya huce, an sami barasa mai ƙarfi. Mu a ta farko za mu tsaya. Amma akwai waɗanda suke bin ta ukun a wata ƙasa, kuma tsarin aikinsu yana da abin koyo.

MASU BURBON NA AMURKA

A Amurka, musamman a jihar Kentaki, ana yin wata barasa da masara, sunanta burbon. A shekarar 1964 majalisar ƙasar ta ayyana ta a matsayin kayan Amurka na musamman. Doka ta ce sai masara ta kai kashi 51 cikin ɗari na hatsin da aka sa, kuma sai an ajiye ta cikin sabuwar gangar katako da aka babbake cikinta. Sukan haɗa da tsiron sha'ir, don wannan sinadari da muka ambata.

Ƙananan masana'antunsu suna haɗa ganguna kaɗan ne a kowane zubi, kowace ganga da lambarta. Kafin a sayar, masu ɗanɗanawa sukan zauna su duba launi, su shinshina, su kurɓa, su lura da abin da ya rage a baki. Gangar da ba ta kai ba a ware ta. Abu uku ke nan: ƙa'ida tsayayya, zubi kaɗan-kaɗan mai lamba, da ɗanɗanawa. Su ne suka sa mai saye yake biyan kuɗi da yawa ba gardama.

ABIN DA ZA MU BARI

Kada wani ya ji wannan ya ɗauko duro da bututu. Dokar ƙasa ba ta yarda a tatsi barasa ba tare da lasisi ba, kuma tun shekarar 2000 Jihar Katsina tana bin dokokin Shari'a. Ga kuma haɗarin rai. A shekarar 2015 mutane da dama sun mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo da kuma Jihar Ribas bayan sun sha ogogoro mai gubar metanol, wadda take makantarwa tana kisa. Harshe ba ya gane ta. Ban da haka, muna zaune da maƙwabta Musulmi, su ne yawancin masu sayen kayanmu. Sunan ƙungiyar ekklesiya in ya ɓaci, gyaransa da wuya.

YADDA AKE YIN TSIRO

1. A zaɓi hatsin bana, mai tsabta, ba wanda aka sa wa maganin shuka ba. A ƙirga ƙwaya 100 a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. In bayan kwana 3 waɗanda suka tsira ba su kai 90 ba, a nemi wani.

2. A fara da mudu 5 kawai. A wanke, a kwashe wanda ya taso kan ruwa, a jiƙa sa'a 12 zuwa 24, ana canja ruwa.

3. A tsane, a baza kan tsabtataccen buhu a inuwa, a rufe da wani jiƙaƙƙe. A riƙa yayyafa ruwa ana juyawa safe da yamma. Gero yakan isa cikin kwana 2 zuwa 3, dawa 3 zuwa 4.

4. A shanya a rana kan tabarma har ya bushe ƙayau.

5. A murje saiwa da kan tsiron, a sheƙe sosai. Kada a yi wasa da wannan, domin ɗanyen tsiron dawa yana da guba, irin wadda take kashe akuya in ta ci ƙaramar dawa a gona.

6. A niƙa, a tankaɗe, a zuba cikin busasshen gwangwani mai murfi. A rubuta lambar zubi da kwanan wata.

Lokacin hunturu ya fi dacewa, don iska a bushe take, fumfuna ba ta saurin kamawa.

KWAMITIN ƊANƊANAWA

Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum uku, biyu daga cikinsu mata. Magatakarda ya riƙe littafi, ya rubuta irin hatsi, gonar da ya fito, da kwanakin da ya yi. Su duba launi, kada a ga baƙi ko kore. Su shinshina, kada a ji tsami ko warin ruɓa. Su tauna, a ji zaƙi ba ɗaci. Sa'an nan a dama kunu mai kauri, a bari ya ɗan huce, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na garin. In cikin minti 10 ya tsinke, tsiron ya yi.

Zubin da ya yi fumfuna a binne shi, kada a ba ko kaji. Ko na shugaba ne, hukuncin ɗaya ne. Ga amfanin mudu 5: in ya lalace, asarar ba ta karya kowa ba.

AMFANINSA

Na farko a gida ne. Yaron da ya wuce wata 6 cikinsa ƙarami ne, kunu mai kauri yana yi masa wuya. In uwa ta ƙara ruwa, ruwa ne zai cika cikin. Garin tsiro yana tsinka kunun ba tare da ruwa ba, yaro ya sha abinci sosai. Bayan ya tsinke a mai da shi wuta ya tafasa, ya huce, kana a ba shi. Nono kuma kada a fasa.

Na biyu kasuwa ce. A shekarar 1988 gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir, sai masana'antu suka koma ga dawarmu. Ko da yake an janye hanin daga baya, har yanzu ana sa dawa cikin abubuwan sha na malta. Mu dai mu fara da na kusa, wato masu kunun zaki da iyayen yara. Ranar da za mu ƙulla shi cikin leda da sunanmu don shaguna, sai mun nemi rajistar hukumar NAFDAC.

TAMBAYOYI DON TARON ƘUNGIYA

1. Nawa muka sayar da mudun gero da kakar bara, nawa muka saye shi da bazara?

2. Su wa za mu sa cikin kwamiti, waɗanda ba za su ji kunyar kowa ba?

3. Wane gida ne zai yi zubin farko, kuma yaushe za a kawo shi a ɗanɗana?